Kafin a Kafa Dirkar Farko: Nasiha ga Matasan Abuja Masu Son Rumfa a Bayan Gida

Duk wanda ya taɓa yin watan Maris a Lugbe ko Kubwa ya san yadda ƙarfe uku na rana take idan aka ɗauke wuta. Ɗaki ya zama tanda, fanka ta tsaya cik, a fito tsakar gida kuma a tarar intalok ya sha rana tun safe yana huci kamar kaskon tuya. Babu bishiya, domin tun ranar da aka zo share fili aka sare ta. A irin wannan sa'a ce matashin da ya fara riƙe 'yan kuɗi yake ɗauko waya, ya ci karo da hoton wata rumfa a Instagram: dirkoki huɗu na katako, an jera sanduna a sama da tazara a tsakaninsu, fure ya hau ya lulluɓe, ga kujeru a ƙasa. Turawa na ce mata fagola, sunan kuma daga Italiya ya fito, inda aka daɗe ana ɗora itacen inabi a kan irinta. Kafin gari ya waye ya tura wa kafinta hoton, ya ce irin wannan yake so, nawa za ta ci.

Sha'awar ba ta da laifi. Gaggawar ce abin tsoro.

Rumfa dai ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Kakan wannan matashi ya kafa ta a ƙofar gida da dirkoki masu gwafa, ya gitta gwangwala, ya shimfiɗa zana a sama. A ƙarƙashinta aka yi karatun allo, aka yi ciniki, aka sasanta ma'aurata. Kakarsa kuma tana da tata a tsakar gida inda ake daka da tsifa da kitso. Ba su da zane a takarda, amma babu wanda ya kafa rumfa bai san inda rana take faɗuwa a gidansa ba, bai san ta inda hadari yake tasowa ba. Wannan sanin ne hoton waya ba ya ɗauke da shi, shi ne kuma ya kamata matashi ya nema tun bai sayi ko ƙusa ɗaya ba.

A fara da rana. Abuja tana kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara: wajen tsakiyar Afrilu, da kuma ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu tana ɗan karkata arewa, sauran watannin kuma tana kudu. A Disamba, lokacin da ta fi yin ƙasa, tsayinta da azahar kusan digiri 58 ne. A Landan, ranar da ta fi kowace tsayi a tsakiyar bazararsu ba ta wuce digiri 62 ba. Wato abin da Baturen Ingila yake kira ƙololuwar rana, mutumin Abuja yana samun kusan irinsa a tsakiyar hunturu. Rumfar da aka tsara don waccan rana mai laushi, wadda maigidanta yake so ta ɗan taɓa masa jiki, ba za ta yi wa mutumin Gwagwalada komai ba a watan Afrilu.

Lissafin ba shi da wuya. Idan aka tsayar da katakon tu-bai-fo a gefensa aka jera da tazarar ƙafa ɗaya, kamar yadda ake gani a hotunan, inci 2 ne kawai cikin kowane 12 yake tare ranar tsakar ka. Kashi ɗaya cikin shida ke nan na inuwa, sauran biyar ɗin rana ce zalla. Wanda ya zauna a ƙasa zai tashi da zane-zane a jiki kamar jakin dawa. Idan kuwa aka kwantar da katakon a faɗinsa na inci 4, aka bar inci 2 tsakani, inuwa ta koma kashi biyu cikin uku, kuma iska mai zafi tana da ta inda za ta fita sama. Katako ya ƙaru, kuɗi sun ƙaru, amma an samu wurin zama.

Sai kuma tafiyar inuwar kanta, wadda mutane da yawa ba sa lura da ita. Rumfa mai tsayin mita 2.5, da azahar ɗin Disamba inuwarta takan zame arewa da fiye da mita ɗaya da rabi. Idan faɗinta mita 3 ne, rabin daɓen da ke kudu yana cikin rana, inuwar kuma ta tafi kan katanga ko kan motar da aka ajiye. A watan Yuni sai ta dawo ta zame kudu da kusan santimita 60. Shi ya sa mai hankali yake miƙa rufin kaɗan ta gefen kudu. Amma babbar abokiyar gaba ita ce ranar la'asar. Daga ƙarfe uku zuwa biyar da rabi takan sauko ta leƙo ta ƙarƙashin kowane irin rufi, a daidai lokacin da aka dawo daga aiki ana son a miƙe ƙafa, ko da azumi ana jiran a sha ruwa. Magani biyu ne. Ko a kafa rumfar a gabashin gida, ginin da kansa ya yi mata garkuwa da yamma, ko kuma a rataya asabari ko a ɗora tsiro mai hawa a gefenta na yamma. Akwai kuma wanda da gangan zai jingina ta da bangon yamma, don ta kare ɗakin kwana daga zafin da bulo yake sha da rana ya amayar da dare. Wannan wata manufa ce dabam, kuma mai kyau, sai dai mutum ya san wadda yake nema kafin ya haƙa rami.

Hanyar sanin duk wannan ba ta cin ko sisi. Matashi ya kafa sanda a inda yake tunanin yin rumfar, ya ɗauki hoton inuwarta ƙarfe tara, da sha biyu, da uku, da biyar, a ranar Asabar guda. Wayar da ta nuna masa rumfar Italiya ta yi masa wannan aikin ma.

Bayan rana sai iska da ruwa. Daminar Abuja takan fara a Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ake samu kuma ya zarce milimita 1,200 a shekara, ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Yaron da ya taso a Daura ya zo aiki Abuja yakan yi gini da tunanin daminar garinsu, sai ruwa ya koya masa darasi. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, kuma ita ce take yaye rufin makarantu da shaguna kowace shekara. Rumfa mai rufin kwano wadda babu bango a gefenta, iska tana shiga ta ƙasa ta ɗaga ta sama kamar faifai. Saboda haka nauyin da ke danna ta ƙasa ba shi ne abin damuwa ba, abin da zai hana ta tashi ne. Ƙusa ba ta isa ba. A haɗa dirka da gicciye da noti mai kauri, a sa 'yan sanduna a karkace a kowace kusurwa don kada ta yi lilo, a ɗaure ƙafafunta a cikin kankare. Iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma take zuwa, ta hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas. Wanda ya toshe ta farkon ya buɗe wa ta biyun ya yi aikin baya da baya.

Kowane milimita na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai mita 3 da 4 zai tara sama da lita 14,000 a damina guda. Ruwan nan dole ya je wani wuri. Idan aka karkata rufin zuwa katangar maƙwabci, an sayi rigimar da za ta fi rumfar daɗewa. Idan aka sa indararo zuwa tanki, an samu na ban-ruwan fure da wankin mota. Mazauna Lokogoma da wasu sassan Lugbe, waɗanda ambaliya ta sha shiga gidajensu, sun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan aka toshe wa ruwa hanya kuma aka daɓe kowane taku na ƙasa. Yana da kyau a bar gefen rumfar da tsakuwa ko ciyawa, ƙasa ta sha rabonta.

Akwai kuma takarda, domin Abuja ba kamar sauran garuruwa ba ce. A takarda aka haife ta. Dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi ranar 3 ga Fabrairun 1976 ita ta kafa Babban Birnin Tarayya, aka kammala babban tsarin birnin a 1979, sannan gwamnati ta tare ranar 12 ga Disambar 1991. Akwai sashen da aikinsa shi ne duba abin da kowa ya gina a filinsa, wanda ake kira Dibelofmen Kwanturol, kuma duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya san jan fentin da ake shafawa a bango ba ado ba ne. Akwai tazarar da ƙa'ida ta ce a bari tsakanin gini da katanga. Rumfa mai dirka huɗu a buɗe abu ɗaya ne. Rumfar da bana aka yi wa rabin bango, baɗi aka sa taga, baɗin-baɗaɗa aka zuba ɗan haya ko aka buɗe shago, wani abu ne dabam. Tambaya a ofis kafin a fara ta fi roƙo bayan an shafa fenti. A rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya kuma ƙungiyar mazauna takan kasance da nata sharuɗɗan.

Mafi yawan matasan Abuja ma haya suke yi. Ɗan haya sai ya nemi yardar maigida a rubuce, a kuma fayyace ta wa ce rumfar ranar tashi. Idan da noti aka haɗa ta, a rana ɗaya za a kwance a loda a mota.

Kafin diga ta taɓa ƙasa, a nemi sanin abin da ke binne: bututun ruwa, wayar lantarki, musamman sokawe. Bayan gida a Abuja galibi nan ramin yake, kuma ba a kafa dirka a kan murfinsa, ba a rufe hanyar da motar kwasa za ta zuro tiyo. Kada kuma rumfar ta zama matakalar ɓarawo a jikin katanga. Janareta kuwa ba shi da wuri a cikinta ko kusa da tagar ɗaki, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari amma tana kisa.

Yanzu a zo ga kayan aiki, inda aka fi cutar sabon shiga. Wanda ya shiga kasuwar katako ta Dei-Dei ko Kugbo da hoto a waya ba tare da sunan itace a bakinsa ba, abin da aka ga dama za a ba shi. Gara ita ce sarauniyar ƙasar Abuja, kuma farin katako mai laushi, irin wanda ake kafa allon zuba kankare da shi, a wurinta tuwo ne da miya. Magabata sun san haka. Shi ya sa suke neman ƙirya don dirka, itacen da ake sassaƙa turmi da taɓarya da shi saboda taurinsa, suke kuma tsaga giginya su fitar da azara, wadda gara ba ta iya mata. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, da azara da laka aka ɗaure bakan-gizonsa. Abin lura a nan shi ne dalilin bakan-gizon: azara ba ta iya ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai ba tare da ta lanƙwasa ba, sai magina suka riƙa ɗora gajeru a kan juna mataki-mataki har su haɗu a sama. Sun san iyakar itacensu, suka yi tsari a kanta. Kafintan da zai miƙa tu-bai-fo ɗaya ya ƙetare ƙafa 12 babu tallafi bai gaji wannan ilimin ba, kuma bayan damina biyu rumfar za ta yi ciki kamar tsohuwar igiyar shanya.

A kasuwar yau jan katako ake nema: iroko, maɗaci, tik idan aljihu ya yarda. Malaina ta fi araha, tana karɓar fenti, amma sai da magani. Dirka ta zama fo-bai-fo, gicciye tu-bai-sikis a tsaye. A tambayi mai sayarwa kai tsaye: “Alhaji, busasshe ne ko ɗanye?” Kowace amsa ya bayar, a ɗaga a ji nauyinsa. Ɗanyen katako idan hunturu ya kama shi murɗewa yake yi ya tsage, notin da aka ɗaure ya saki. Gara a saya da wuri, a jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iska na wasu makonni. A shafe shi da maganin gara irin su Solignum, musamman bakin da zarto ya yanka. Kafinta zai ce, “Oga, a kawo baƙin mai kawai, ya fi araha.” Ya fi araha, gaskiya, amma yana ɓata farar shadda, yana wari idan rana ta buga, yana kuma kashe ƙasar da ake son shuka fure a ciki.

Doka mafi muhimmanci a nan ita ce kada katako ya taɓa ƙasa. A haƙa rami mai zurfin kusan ƙafa biyu, a zuba kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a dasa takalmin ƙarfe a ciki, dirkar ta zauna a kansa da tazarar 'yan yatsu daga daɓe. Ruwa ba zai kwanta mata a ƙafa ba, kuma idan gara ta gina hanyarta za a gani da ido. A yi wa kankaren ban-ruwa na mako guda kafin a ɗora masa nauyi.

Da yake ƙafa 12 ne tsawon katakon kasuwa, rumfa mai ƙafa 9 da 12 ba ta barin guntaye da yawa, kuma tana ɗaukar tabarma biyu ko kujeru shida. Tana da wata fa'ida: idan kusurwoyinta sun daidaita, igiyar da aka ja daga wannan kusurwa zuwa ta ƙetare ƙafa 15 za ta ba da cif. In ba ta ba da ba, an karkace, a gyara turaku tun ba a zuba siminti ba. Mai son yin jam'i a ciki ya duba alƙibla tun a wannan mataki, wadda daga Abuja take gabas maso arewa, don kada sahu ya ƙare a jikin dirka.

Wanda ba ya son fama da gara sai ya je wurin mai walda. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu yana daɗewa idan an yi masa jan fenti na hana tsatsa kafin na ado, an kuma toshe bakinsa na sama don kada ruwa ya taru a ciki ya ci shi ta ciki. Aibinsa zafi. Rufin kwano ma haka: yana tare ruwa amma yana gasa kai, sai an ɗaga shi sosai ko an shimfiɗa asabari a ƙarƙashinsa. Robar nan mai haske da ake yayi, mai wannan rubutu bai ga amfaninta a Abuja ba, don haske da zafi tare suke shigowa. Zana ta fi komai sanyi da araha, sai dai tana son sauyi bayan damina ɗaya ko biyu, kuma ba ta shiri da murhun gashi a lokacin hunturu. Wasu yanzu suna rufe rumfar da faifan sola, a karkata shi kaɗan ya fuskanci kudu, inuwa da lantarki a jifa ɗaya. Babban faifai yakan haura kilo 20, don haka tun a zane ake lissafa shi, ba bayan an gama ba.

Tsiro shi ne yake mayar da katako rumfa. Masu sayar da fure a bakin manyan titunan Abuja abin da za su fara miƙowa shi ne bugenbiliya, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta samo sunanta daga wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe na ƙarni na 18. Tana son rana, tana jure fari, da rani ma ta fi yin fure. Amma tana da ƙaya, tana zubar da shara kullum, kuma idan ta girma nauyinta ba na wasa ba ne. Gidan da ke da yara masu rarrafe ya yi tunani. Inabi ma yana yi: manoman Kudan a Jihar Kaduna a kan rumfuna suke noma shi har suna kai wa kasuwa, sai dai yana son mai iya aski da haƙuri, kuma yawan ruwan Abuja yana jawo masa cuta. A shekarar farko, kafin waɗannan su hau, soso ko wake mai yaɗo zai rufe saman cikin 'yan makonni, kamar yadda duma yake rufe dangar ƙauye. A riƙa rage ganye, domin duhuwa maɓoyar sauro ce, wani lokaci har da maciji. Ga matan gida kuma tsiron yana da wani aiki: a unguwannin da benen maƙwabci yake leƙen tsakar gida, shi ne suturar da za ta sa a iya zama a sake.

Batun kuɗi gajere ne. Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi, farashin siminti da ƙarfe ba ya kwana inda ya yini. A karɓi ƙiyasi a rubuce daga mutum biyu ko uku, a raba kuɗin kaya da na aiki, a je kasuwa tare, a biya kashi-kashi. A nemi ganin rumfar da kafintan ya yi shekara biyu da suka wuce, ba wadda ya gama jiya ba.

Lokacin aiki kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, ƙasa ta bushe, fenti yana kamawa. Shuka sai ruwan Afrilu ko Mayu ya sauka. Idan da sauran canji, a hau hanyar Bwari zuwa Ushafa, ƙauyen maginan tukwane da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarta a 2000, a sayo randa mai murfi a girke a kusurwar da ta fi inuwa. Washegarin guguwar farko kuma a ɗauko sifana a bi notin ɗaya bayan ɗaya, domin katako ya ja jiki a hunturu kuma wasu sun saki, a duƙa a duba ƙafar kowace dirka ko gara ta fara ɗora jar ƙasarta.